Edgerunners: Zanen da Ya Faɗi Abin da Wasan Ya Kasa Faɗa

A ranar 13 ga Satumba, 2022, Netflix ya saki wani fim mai dogon zango na zane mai motsi, irin wanda Japanawa ke yi ake kira anime, mai suna Cyberpunk: Edgerunners. Kashi goma ne kacal, kowanne bai cika rabin awa ba. Ba kowa ya sa masa rai ba, kuma masu shakka suna da hujja. Daga wasan kwamfuta aka ciro shi, alhali tun fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 masu kallo suka saba ganin wasan da aka mayar fim yakan lalace a hanya. Shi kansa wasan da aka ciro shi daga ciki, wato Cyberpunk 2077, a lokacin bai gama wanke sunansa daga abin kunyar da ya faru ranar fitowarsa ba. Amma kafin wata shida su cika, a bikin kyaututtukan anime na Crunchyroll da aka yi a Tokyo cikin Maris 2023, wannan zane ne ya zama gwarzon shekara, ya doke manyan sunaye irin su Attack on Titan da Demon Slayer.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma a sarƙe suke. Me ya sa zanen ya taɓa zukatan mutane fiye da wasan da aka shafe shekaru ana zuba masa dukiya? Sannan me za mu ce da labarin da ke la'antar manyan kamfanoni, alhali kamfani ne ya biya aka yi shi, kuma shi ya fi kowa cin moriyarsa? Ba a iya amsa su sai an tona labarin har ƙarshe, don haka wanda bai kalla ba, kuma ba ya so a ɓata masa, ya sani tun yanzu.

Duniyar da labarin ke faruwa a cikinta ta girmi wasan kwamfutar da fiye da shekara 30. Wani Ba'amurke baƙar fata, Mike Pondsmith, shi ya ƙirƙire ta a 1988, a matsayin wasan da abokai ke zama a tebur su yi da takarda da fensir da ƙwayar da ake jefawa irin ta ludo, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum a cikin labari. Zamanin ne na fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Neuromancer na William Gibson na 1984, kuma a shekarar 1988 ɗin ce Akira ya fito a Japan. Amurkawa da yawa a lokacin suna fargabar kamfanonin Japan za su saye ƙasarsu da kuɗi, shi ya sa kamfanin da ya fi kowa ƙarfi da mugunta a duniyar Pondsmith, wato Arasaka, na Japan ne. Birnin kuwa Night City sunansa, a gaɓar tekun Kalifoniya. Gwamnati a can suna ce kawai. Kamfanoni ke da sojoji, su ke da makarantu da asibitoci, kuma mutane na cire gaɓoɓinsu masu lafiya su dasa na ƙarfe don su samu aiki ko su tsira da ransu.

Akwai wata doka guda a wasan teburin da ta fi kowace muhimmanci ga maganarmu. Kowane ɗan wasa yana da makin da ke auna mutuntakarsa da tausayinsa. Duk ƙarfen da ya dasa a jiki, sai an rage masa wani abu daga makin nan. Idan ya ƙare, mutumin ya haukace ke nan, ya koma kashe duk wanda ya gani, kuma alƙalin wasa zai karɓe shi daga hannun mai shi. Wannan ciwo shi ake kira cyberpsychosis a labarin, mu ce masa haukan ƙarfe. Ma'anar dokar a fili take: ƙarfi ba kyauta ba ne, da kanka kake biya.

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a Poland, wanda ya yi suna da wasannin The Witcher, shi ya sanar a 2012 cewa zai mayar da wannan duniya wasan kwamfuta. Shekara takwas mutane suna jira. An kawo Keanu Reeves ya fito a ciki, an ɗage ranar fitowa har sau uku a cikin 2020, kuma mutum miliyan 8 suka biya kuɗi tun kafin su gan shi. Da ya fito ranar 10 ga Disamba, 2020, sai ga shi cike da kurakurai, musamman a tsofaffin na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, inda yake daskarewa ko ya mutu ana tsakiyar wasa. Mako guda bayan haka Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, abin da ba a saba yi wa babban wasa irin wannan ba, kuma bai dawo ba sai Yunin 2021. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi, masu zuba jari suka kai ƙara a Amurka, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Marcin Iwiński, ya fito a bidiyo cikin Janairun 2021 ya ba da haƙuri.

Mutane da yawa sun ɗauka don wanke wannan kunya aka yi zanen. Ba haka ba ne, domin tun Yunin 2020 aka sanar da shi, wata shida kafin wasan ya fito. 'Yan Poland, irin su Rafał Jaki da Bartosz Sztybor, suka tsara ƙashin bayan labarin, aka miƙa wa Studio Trigger na Tokyo, inda Hiroyuki Imaishi ya ba da umarni. Wanda ya kalli Gurren Lagann ko Kill la Kill ya san Imaishi da son hayaniya da launi mai kashe ido da jarumai masu fasa duk katangar da aka gitta musu da ƙarfin zuciya kawai. A nan sai aka ba shi labarin da katangar ce ke yin nasara, kuma ina ganin wannan karo tsakanin halin mai zane da halin labari yana cikin abin da ya ba fim ɗin ɗanɗanonsa.

Kashi na farko shi ne mafi kyau a wurina, kuma abin da ya riƙe ni a cikinsa ba harbe-harben ba ne. David Martinez yaro ne ɗan shekara 17 da ke zaune da mahaifiyarsa Gloria a unguwar talakawa ta Santo Domingo, a shekarar 2076. Gloria ma'aikaciyar agajin gaggawa ce, tana aiki dare da rana don ta biya masa kuɗin makarantar Arasaka, inda 'ya'yan manya ke karatu. Burinta wata rana ta gan shi a hawa na ƙarshe na benen kamfanin. Tun da safe muna ganin injin wanki ya tsaya da kaya a ciki saboda kuɗin da ke asusun ya ƙare. A makaranta an ce kowa ya sabunta manhajar na'urarsa, David ba shi da kuɗin ta gaskiya, ya sa ta bayan fage, ta lalata tsarin ajin, aka kira uwarsa aka ɗora mata tara. A hanyar komawa gida rikicin 'yan daba ya rutsa da motarsu. Sai ga jirgin agaji na kamfanin Trauma Team ya sauko, jami'ansa ɗauke da bindigogi. Suka haska na'ura a kan uwa da ɗa, suka ga ba sa cikin masu biyan kuɗin inshora, suka wuce su. Gloria ta mutu a wani asibiti mai araha, aka ba David tokarta a cikin gwangwani domin shi ne tsarin jana'iza mafi sauƙin kuɗi. Da ya koma gida ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda bashin haya, sai ta ramin iska ya shiga.

Babu wani mugu mai dariyar ƙeta a cikin jerin nan. Kowa aikinsa yake yi, kowace na'ura tana bin ƙa'idarta. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin asibiti da majinyaci aka ce sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, ko a wace ƙasa yake, ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri. Shekarar 2076 da motoci masu tashi ado ne kawai.

A cikin kayan uwarsa David ya tsinci wata na'urar soja mai suna Sandevistan, wadda ake dasawa a gadon baya, ta sa mutum ya yi sauri har duniya ta zama kamar ta tsaya masa. Daga jikin gawar wani tsohon soja da ya haukace Gloria ta ciro ta, da niyyar sayarwa a ɓoye, wato ita ma da haram take cike giɓin kuɗin makarantar. David ya je wurin likitan bayan fage aka dasa masa, ya lakaɗa wa wani ɗan gidan manya da ke cin zalinsa duka, aka kore shi daga makaranta. A jirgin ƙasa ya haɗu da Lucy, mai kutse cikin kwamfutoci, wadda ba ta da buri sai ta bar duniya ta tafi wata. Ta hanyarta ya shiga ƙungiyar sojojin haya ta Maine, tare da Dorio da Kiwi da Pilar da ƙanwarsa Rebecca da direbansu Falco, masu karɓar kwangilar sata da kisa daga hannun dillalai irin su Faraday.

A nan ne bambancin zanen da wasan ya fito. Wasan kwamfuta irin wannan an gina shi ne a kan lada: ka yi aiki, ka samu kuɗi, ka dasa sabon ƙarfe, ka ƙara ƙarfi, ka ji daɗi. Idan an kashe ka, sai ka koma inda ka adana wasan ka sake. Gaskiya ne jarumin wasan, V, shi ma mutuwa ke bin sa saboda wata na'ura da ke cin ƙwaƙwalwarsa, kuma akwai wurare masu ban tausayi a labarinsa. Amma mutuwar ba ta zuwa sai ka ga dama. Kana iya shafe awa ɗari kana yawo a birni kana tara motoci, tana jiran ka. Haukan ƙarfe kuwa, a wasan yadda ya fara fitowa, ciwon wasu ne, mutanen da ake tura ka ka kamo. Kai bai shafe ka ba, ko nawa ka dasa. Wato dokar Pondsmith, wadda ita ce zuciyar duniyar, an cire ta daga kan ɗan wasa, domin ba wanda zai sayi wasan da zai ƙwace masa jaruminsa.

Zanen ya dawo da dokar, kuma ya iya yin haka ne saboda mai kallo ba shi da madanni a hannu. Ba ka da ikon cewa David ya tsaya. A kashi na huɗu an fasa kan Pilar yana tsakiyar surutu, ba shiri ba sallama, kuma babu komawa baya. A kashi na shida muna kallon Maine, mutumin da ya zame wa David uba, yana rasa hankalinsa a hankali: hannunsa na rawa, idanunsa na rabuwa biyu a zanen, yana ganin kansa a wata hamada alhali yana tsakiyar kashe mutane, har Dorio da ke ƙaunarsa ta rasa ranta wajen ƙoƙarin dawo da shi. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. David ya ga wutar da idonsa, amma da labarin ya tsallaka gaba sai muka same shi ya zama shugaban ƙungiya, jikinsa ya ninka, ya cika da ƙarfe, yana ƙara yawan maganin da ke danne ciwon. Duk wanda ya gargaɗe shi, amsarsa ɗaya ce, shi jikinsa daban ne.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yana da 'yar gaskiya. Jikinsa yana jure ƙarfe fiye da na sauran mutane. Sai dai Arasaka ta lura da haka tun farko, kuma abin da ta gani shi ne wanda za a gwada sabon makami a kansa. Baiwar da yake taƙama da ita, a takardun kamfani sakamakon gwaji ce. Haka kuma in ka duba da kyau, David bai taɓa samun burin kansa ba. Uwarsa ta so ya hau benen Arasaka, Maine ya so ya ci gaba da gudu a madadinsa, Lucy ta so zuwa wata, shi kuwa ya ɗauki duka ukun ya ɗora a kai. Rigar aikin uwarsa mai ruwan ɗorawa ita yake sawa har ƙarshe. Yaron kirki ne, kuma kirkin nasa ne birnin ya kama ya ja shi da shi. A kashi na takwas, ciwon ya fara cin sa, ya harbe wata ma'aikaciya da ba ta yi masa komai ba, uwa mai ɗa kamar yadda Gloria take da shi. Zanen bai wanke shi daga wannan ba, kuma ya kyauta da bai yi ba.

Ƙarshen ba ya ɓoye kansa. Kiwi ta sayar da su ga Faraday, an kama Lucy, an sa David cikin wani ƙaton sulken gwaji da ya cinye sauran jikinsa, ya kai hawan ƙarshe na benen Arasaka kamar yadda uwarsa ta yi fata, amma a matsayin wanda ya zo ƙwato Lucy. Sai Adam Smasher, sojan kamfanin da kusan babu sauran nama a jikinsa, ya murƙushe Rebecca ya kashe David ba tare da wata wahala ba. Lucy da Falco kaɗai suka tsira. Arasaka ba ta girgiza ba. A wasan, cikin abin da ya rage na David akwai wani abin sha da aka sa wa sunansa a mashayar Afterlife, inda ake karrama sojojin haya da haka bayan sun mutu.

Fim ɗin yana da aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Kashi goma sun yi masa kaɗan. Tsallaken da aka yi bayan mutuwar Maine ya haɗiye lokacin da ya fi dacewa mu gani, wato yadda yaro mai jin kunya ya rikiɗe ya zama wancan ƙato. Lucy, wadda ta fara a matsayin mace mai wayo da iko, a rabi na biyu an mayar da ita mai ɓoye sirri da jiran ceto. Akwai tsiraici da yawa da labarin bai bukata ba, kuma galibi a jikin mata yake. Ita ma dabarar haukan ƙarfe tana da haɗari idan aka ɗauke ta a zahiri, domin a duniyar gaske masu ƙafar roba ko na'urar bugun zuciya ba su rage komai daga mutuntakarsu ba. Zanen ya ɗan kauce wa wannan ta hanyar nuna cewa talauci da baƙin ciki da kaɗaici ne ke tura mutum, ƙarfen yana ƙarasa shi ne kawai, amma bai faɗe shi da ƙarfi ba. A nan ne kuma ya dace a yi wa iyaye magana: a gidajenmu da yawa duk abin da aka zana katun ne na yara, a miƙa musu waya a tafi. Wannan na manya ne, da jini da tsiraici da shaye-shaye tun daga mintunan farko.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya. Mako guda kafin zanen ya fito, CD Projekt ya saki wani gyara ga wasan da ya sa masa sunan Edgerunners, ya zuba rigar David da bindigar Rebecca a ciki. Titunan da ke zanen su ne na wasan, har ƙarar kiran waya iri ɗaya ce, kuma waƙar da ta sa mutane kuka a ƙarshe, wadda Rosa Walton ta rera, tun 2020 tana cikin rediyon wasan ba a damu da ita sosai ba. Bayan fitowar zanen kamfanin ya sanar cewa mutum miliyan guda ke shiga wasan kullum, kuma kafin Satumba ta ƙare cinikinsa ya haura kwafi miliyan 20. Mutane sun kalli yaron da Sandevistan ta hallaka, suka ruga suka dasa wa nasu jarumin Sandevistan, suka je suka rama wa David a kan Adam Smasher, wanda shi ne babban abokin gaba na ƙarshe a wasan. A gyaran da aka yi a Satumbar 2023, tare da ƙarin labarin Phantom Liberty da Idris Elba ya fito a ciki, an sa iyaka ga yawan ƙarfen da jiki zai ɗauka, amma aka ƙara wata baiwa mai suna Edgerunner da ke ba ka damar wuce iyakar. Abin da ya kashe David ya zama lada.

Kada kuma a manta da waɗanda suka yi aikin. A Satumbar 2020 ɗan jarida Jason Schreier na Bloomberg ya ruwaito cewa an wajabta wa ma'aikatan CD Projekt aikin kwana shida a mako don a cim ma ranar fitowa, bayan shugabannin sun yi alkawari a baya cewa ba za a tilasta wa kowa ba. An biya su kuɗin ƙarin lokacin, amma alkawarin ya karye. Masana'antar anime ta Japan ita ma an daɗe ana kuka da ƙarancin albashi da tsawon lokacin aiki na ƙananan masu zane. Labarin mutanen da ke ƙona jikinsu don cika burin wasu, daga irin waɗannan ɗakunan aiki ya fito.

Shin wannan ya rushe fim ɗin? Ni ban yarda ba, ko da yake na fahimci mai cewa haka. Talla ce, babu musu, amma talla da aka saba gani tana yi maka alkawarin za ka yi nasara idan ka saya. Wannan ta ce maka birnin zai cinye ka ko kai wane ne, kuma ba ta janye maganar a minti na ƙarshe don ta faranta maka ba. Kamfanin yana da ikon ya nemi a bar David da rai don a yi zango na biyu da na uku da shi, bai yi ba. Inda nake ganin hannun kasuwa ya fi bayyana shi ne a abin da labarin bai taɓa tunaninsa ba. A Night City hanya biyu ce kawai, ka bauta wa kamfani ko ka mutu da suna. Ba ka ganin ma'aikata sun haɗa kai, ba ka ganin unguwa ta tsaya wa ɗanta, ba ka ganin dangi ko maƙwabci ko ɗaya da ya zo wa David gaisuwar mutuwa. Labarin da ke cewa zalunci ya yi muni amma babu yadda za a yi da shi, ba ya tayar wa kowane kamfani hankali, shi ya sa ake iya sayar da shi tare da riga da bindiga.

A Yulin 2025, a taron Anime Expo na Los Angeles, CD Projekt da Trigger sun sanar da Edgerunners na biyu, shi ma kashi goma, da sababbin mutane da sabon labari, Kai Ikarashi ne zai ba da umarni, Sztybor kuma ya dawo kan rubutu. Sun tabbatar David ya mutu kuma ba za a tashe shi ba, wanda hukunci ne mai kyau. Abin da zan duba idan ya fito shi ne ko za su ba mutane irin Gloria fili fiye da kashi guda, masu tashi da asuba su tafi aiki a birnin nan ba tare da bindiga ba, domin a 'yan mintunan da aka ba ta ne zangon farko ya fi faɗin gaskiya.